Indi Na Rubuta, Ba Indiya Ba

Zuwa ga Mai Girma Daraktan gidan rediyon unguwarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ni ne Habibu mai gyaran waya a Titin Koudoukou, wanda kuka gayyata shirin Hausa na ƙarshen shekara don in jero faya-fayan kiɗan jita biyar da suka fi burge ni a bana. Na rubuto a fili saboda a fili aka ɓata mini suna, amma yau da sanyin zuciya na ɗauki alƙalami.

Na farko. A saƙon da na turo na ce kiɗan rok da indi zan kawo. Indi kiɗan ƙananan makaɗan jita ne da ke fitar da faifansu da kansu, ba babban kamfani a bayansu. Mai gabatar da shirin, Malam Tanimu, ya ga kalmar sai ya ɗauka yatsana ne ya gaji, ya ƙarasa mini ita. Aka yi ta shela cewa Habibu zai zo da zafafan waƙoƙin Indiya. Ni kuwa ina shago kunnuwana toshe da kiɗa, ban san wainar da ake toyawa ba.

Na biyu. Ranka ya daɗe, ka san mutanenmu da Indiya. Gwaggona Hajiya Balaraba ta tara matan gidansu a unguwar Yakité, har shayi aka dafa. Sai ga ni ɗanta na buɗe da na biyar, faifan wasu 'yan mata uku masu dukan ganga kamar ana sauke kwanon rufi daga motar Kamaru. Faifai na huɗu na wani saurayi ne shi kaɗai da jitarsa, muryarsa a shaƙe, ya fito da shi bayan rasuwar mahaifinsa. Faifai na uku shi nake sawa in waya ta ƙi gyaruwa, don yakan kwantar mini da hankali. Muna cikinsa masu sauraro suka fara kira suna faɗa. Maimakon Malam Tanimu ya ce an samu kuskure, sai ya gaya wa duniya cewa baƙon ne ya yaudari gidan, ya katse shirin. Na biyu da na ɗaya ko sunansu ban samu faɗa ba.

Na uku. Wataƙila a wurinku wannan abin dariya ne. Amma mai gyaran waya, mutum kan miƙa masa hotunan iyalinsa da lambar sirrinsa ya juya ya tafi. Wa zai yi haka da wanda rediyo ta kira mayaudari? Mutane suka riƙa zuwa karɓar wayoyinsu ba a gyara ba. Wani mai atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar, da muka daɗe tare, ya tarar na buɗe tasa, ya ce in rufe masa ita haka nan. Wallahi abin ya yi mini ciwo, har abinci ya fita raina.

Na huɗu, kuma nan ne godiyata. Ka binciki maganar da kanka, ka kira ni ofishinka ka ba ni haƙuri, Malam Tanimu ma ya nemi afuwa, na yafe masa har zuciya. Da na fito sai na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Ko Gwaggo ta huce. Ta sa na tura mata faifai na huɗu a wayarta, wai ba ta jin abin da yaron ke faɗa amma tausayi yake ba ta.

Sai dai haƙurin ofis mu uku kaɗai muka ji shi. Don haka ina roƙon abu biyu. A ba ni sauran lokacina in sa faifai na biyu da na ɗaya, wanda ya ga dama ya kashe rediyonsa, ba zan ji haushi ba. Sannan Malam Tanimu ya faɗa da bakinsa, a shirin da ya ɓata ni, cewa ban yaudari kowa ba. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Sango, harshen ƙasar nan, domin rabin waɗanda suka daina kawo mini waya da Sango labarin ya iske su.

Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci, Ya ɗaukaka gidan nan, Ya bar mu da zaman lafiya a unguwarmu.

Wassalam.

Naka,
Habibu mai gyaran waya.