Katin Saifuddeen

Bani Malik, Jidda

Zuwa ga 'yata Nana Khadija,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan mahaifinki Saifuddeen, ya sa ya huta.

Saƙonki ya same ni a layin asibiti. Na karanta, na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da jira har aka kira lambata. Yau kwana tara ina sauraron kuka, bai zo ba. Ina ci, ina sha, ina buɗe shagon ɗinki.

Kin ce wani malami yana rubuta tarihin gasar ƙwallon jihohi, kina tsoron ya sa mahaifinki da sunan da gari ya laƙa masa, wato Rariya, saboda ƙwallo biyar da aka zura masa a wasan kusa da na ƙarshe. Kin tambaye ni yadda aka yi, tunda ni kaɗai na rage a tawagar. Ki ba ni lokaci, ƙwaƙwalwar tsoho sai da lallami.

Ki gaishe da mahaifiyarki.

Babanki,
Idris

Zuwa ga 'yata Nana Khadija,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin mahaifiyarki?

Wancan karon zillewa na yi, ban manta komai ba.

A zamaninmu kowace jiha 'ya'yanta take kaiwa, kowa da katinsa mai hoto. Ni a maƙwabciyar jiha aka haife ni, don haka ba ni da kati. Gyaran riguna ya kai ni cikin tawagar, sai ɗan tsaron raga da nake taɓawa a atisaye. Ranar wasa zazzaɓi ya kayar da mahaifinki, kuma shi kaɗai ne golanmu. Koci ya miƙo mini rigarsa da katinsa. Hoton ya dushe. Alƙalin wasa ya dube ni, ya dubi hoton, halas, ya bar ni na shiga.

Ni na sha biyar ɗin nan. Ta huɗu ta tsakanin ƙafafuna ta bi, a hankali, kamar mai zuwa gaisuwa. A can Kudu aka buga, mutanen gida rediyo kawai suke ji, rediyo kuwa sunan da ke kan kati yake kira.

Da asiri ya tonu, da an dakatar da jiharmu, shi ya sa duk tawagar muka yi rantsuwa ba mai faɗa. Ni na zo aikin Hajji na zauna. Shi ya zauna da sunan, shekara arba'in da bakwai. Duk Sallah muna gaisawa. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma na ga hakan ya yi mini daidai.

Rantsuwar zan yi mata kaffara. Ki kai wa malamin takardar nan, ya rubuta Idris Tela. In ya nemi shaida ki ba shi lambata, bayan La'asar ina shago.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki, in har yanzu kin yarda,
Idris