Barewa Ta Daki Gaban Mota, Ku Kuna Binciken Baya

Zuwa ga Shugaban Sashen Biyan Diyya na kamfanin da ke riƙe da inshorar motata,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da yarinyar nan mai sanyin murya da kullum ke ce mini in riƙe layi. Sunana Saratu, ma'aikaciyar jinya ce ni, ina zaune a garin Laurel na jihar Maryland, kuma shekara shida ke nan ina biyan ku ban taɓa makara ba. Da Hausa na rubuto, don duk sanda na kira ku sai na'urarku ta yi mini alfahari cewa kuna da masu fassara kowane harshe. To, ga aiki na kawo musu. Ni dai na gaji da yin fushi da Turanci, ba ya fita yadda nake so.

Mako uku da suka wuce, da safe, ina kan hanyar gidan wata tsohuwa da nake jinya, barewa ta fito daga cikin itatuwa ta daki gaban motata. Ita ta miƙe ta kaɗe jiki ta yi daji abinta. Ni kuwa fitila ta fashe, murfin inji ya lanƙwashe, lagireto na tsiyaya. Kuka turo mai dubawa. Bawan Allah ya ɗan leƙa gaban motar, sai ya zagaya baya ya tsuguna, ya hau ɗaukar hoton ƙarfen jan tirela kamar ya ga amarya. Wasiƙarku ta biyo baya: wai an ƙara wa mota abin da ba a sanar da kamfani ba, don haka kun dakatar da biya sai kun gama bincike. Har yau motar na gareji, wurin aikina kuma sun ce in ban dawo da ita ba kafin ƙarshen wata, za su ba wata ma'aikaciya jinyar tsohuwar nan.

Na farko, ban musa ba, ni na sa aka ɗaura ƙarfen. Tukwanen zumuntar matan cocinmu ba sa shiga but ɗin motar kowa, ga kujeru, ga kulolin abinci. Muka sayi 'yar ƙaramar tirela, maigidana ya kai motar gareji aka ɗaura ƙarfen, rasit na nan. Daga ranar motar ta zama ta jama'a: suna, biki, mai tashi daga Springfield zuwa Alexandria, duk Saratu ake kira. Ko sisi ban taɓa karɓa ba, sai dai a bi ni da kular shinkafa.

Na biyu, kuma nan ne zancen yake: na sanar. Wakilinku da ya yi mini inshorar nan ɗan cocinmu ne. Ba zan faɗi sunansa ba, matarsa ƙawata ce. Lahadin farko bayan an ɗaura ƙarfen, da aka tashi sujada, na tare shi a wurin ajiye motoci. Na gaishe shi, na tambayi yara, sannan na ja shi bayan mota na nuna masa. Ya duba, ya yaba aikin, har ya ɗora ƙafa a kai ya ɗaure igiyar takalminsa, ya yi mini addu'ar Allah ya tsare hanya. Mata huɗu na tsaye, da dattijon coci ɗaya. A inda na taso, in ka gaya wa mutum magana ido da ido a gaban dattijo, an gama. Yanzu kun ce sanarwa sai ta fom, ko ta layin da kuke naɗar murya. Na ji, na karɓi laifina. Amma fisabilillahi, wakilinku ya taka abu da ƙafarsa, sannan kamfani ya ce bai san da shi ba?

Na uku, ranka ya daɗe, barewar nan ta gaba ta zo. Babu tirela a ranar, babu tukunya ko ɗaya. Ƙarfen yana can baya, bai ji ba bai gani ba. Na tambayi ma'aikatanku uku abin da ya haɗa shi da fashewar fitila, kowa sai ya ce ana dubawa. Me ake dubawa, don Allah? Mota ce, gaba daban, baya daban.

Na huɗu ba na wasa ba ne. Jirgin ƙasan Laurel yana zuwa Washington, yana zuwa Baltimore, amma ba ya bi ta ƙofar tsohuwar nan. Bas biyu nake hawa, in ƙarasa da ƙafa, in iske lokacin maganinta ya wuce. Shekara huɗu ina tare da ita. Ta manta sunayen 'ya'yanta, nawa ma ba kullum take tunawa ba, amma ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai ni. Ran nan da aka tura mata wata, kulle kanta ta yi a banɗaki tana kuka har na iso. Wannan ne ke hana ni sukuni, kuma ina jin haushinku ƙwarai a kansa.

Ga roƙona. Ku ba garejin izini su fara gyara a makon nan. In ƙarfen yana da ƙarin kuɗi, ku faɗa in biya, ba gardama. Kada ku taɓa aikin wakilin nan, ya isa haka, tun da abin ya faru ta ƙofar baya yake fita daga coci. Sannan ku rubuta wa masu inshora irina, da manyan baƙaƙe, cewa ƙarfen jan tirela ma sai an sanar a rubuce, don na ƙirga motoci uku a cocinmu masu irinsa, duk da baki suka faɗa. Tunda kuma na koyi darasi, ga sanarwa a rubuce: akwai rigar kujera da na ɗinko daga Jos, akwai furen roba a gaban gilashi, akwai ƙanshin daddawa da ya ƙi fita daga but. Ku shigar da su, kada gobe a turo mai hoto.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya tsare ka daga barewa a kan hanya. In kuma tsufa ya zo maka, ya kai ka ranar da hannu ɗaya kawai za ka yarda da shi a duniya, Allah ya sa mai wannan hannun ta iso ƙofarka a kan lokaci.

Wassalam.

Saratu,
Laurel, Maryland.