Batirin da Kawu Illa ya musanya

Lyon, Lahadi da dare, Mayu 2013

Har yanzu kafaɗuna zugi suke. Ko awa guda ban yi a kan kogin Saône ba injin kwale-kwalena mai aiki da batir ya yi tsit. Na buɗe akwatin batir, sai ga na mota! Da filafili na tuƙo kaina har bakin gaɓa, masu kamun kifi suna ta kallona.

Nawa na jirgi ne, mai ba da wuta a hankali yini guda. Shekara huɗu ina lallaɓa shi. Ban taɓa bari ya sauka ƙasa da rabi ba, kuma ina dawowa gida nake sa shi caji, ko lokacin sanyi ban manta da shi ba.

Kawu Illa ne ya are shi don lasifikar sunan jikarsa. Ashe sun tsotse shi ƙaf, ya yar da shi sati uku babu caji, har ya mutu. Shi ne ya ciro na tsohuwar motarsa ya sa a akwatina, ya maido mini bai ce uffan ba.

Na kira shi raina a ɓace. Bayan gaisuwa wai, "Haba ɗana, batir ai batir ne. Wannan ma ya fi ƙarfi, mota guda yake tayarwa."

Yayan Inna ne, dole na ƙyale shi.

Sai kuma ya tuno da matarsa, ya ce, "Af, ina kifin da ka yi wa Hajiya alkawari?"

Na ce, "Yana cikin ruwa, Kawu, yana gaishe ka."