Aron Kwamfutar Aina'u

Zuwa ga Kawu Dallatu, Tsanyawa.

Bayan gaisuwa da fatan ana girbi lafiya. Na rubuto ne don bakina ba zai iya faɗa a waya ba.

Kawu, an dakatar da ni daga aiki. Kwamfutar kamfani da ka ce in ara wa ɗanka Fahad da Sallah ya nemi makaranta, ashe ya saka mata manhajar sauke fina-finai. Ta nan ɓarayi suka kwashe bayanan abokan cinikinmu. Ranar Alhamis za a zauna a kaina. Ka san tsarin, aikin da digirin da nake yi ta hannun kamfanin tare suke, in ɗaya ya tafi ɗayan ya bi shi.

'Yarka,
Aina'u, Kano.

Zuwa ga Aina'u.

Ina amsa gaisuwarki. Tun da direba ya miƙo min takardarki ban iya zama a dandali ba, ni da na cika gari da cewa 'yarmu tana karatu ana biyanta. Na ɗauka kwamfuta kamar shanun huɗa ce, wanda ya gama ya miƙa wa ɗan'uwansa. Ban taɓa hana uwarki nawa ba, shi ya sa ban ji nauyin tambayarki ba.

Zan zo da liman da Fahad mu ba maigidanki na wurin aiki haƙuri, in ce umarnina ne.

Kawunki.

Zuwa ga Kawu.

Gaisuwa da girmamawa. Don Allah kada ku zo. A nan ba a san aro ba, kuma tun ranar farko aka gaya mana ko wanda ya haife ka kada ya taɓa kwamfutar. Na san haka sarai lokacin da na miƙa wa Fahad, kunyarka ce ta hana ni cewa a'a. Na riga na ce musu ni na bayar da hannuna. Ba zan iya ganinka durƙushe gaban sa'ar Fahad ba, domin maigidan nawa yarinya ce.

Aina'u.

Zuwa ga Aina'u.

Bayan gaisuwa. Na ƙi jin maganarki, na zo ranar Alhamis ni kaɗai. Ta gilashi na hango ki tsaye, manyan kamfanin duka suna zaune, kanki a sunkuye. Mai gadi ya tambaye ni wurin wa na zo. Na kasa kiran sunanki, na koma tasha.

Uwarki tana tambayata yadda aka yi. Ki gaya min abin da zan ce mata.

Allah Ya yi miki albarka.
Kawunki, Dallatu.