Tsiron da Ya Fito Min a Nono

Litinin, 3 ga Yuni, 2013
Abin nan da ya fito min a fatar nonon hagu ya kai ƙwayar gyaɗa. Ba ya ciwo. Fanne kaɗai na nuna wa, ita da muka taso tare tun firamare. Na ce ta rufa min asiri.

Alhamis, 6 ga Yuni
Likita Sabina ta yanki ɗan guntu, za a kai Kano a gwada, tunda hanyar Maiduguri yanzu sai addu'a. Ta ce kada in tsorata, in ci gaba da shayar da 'yata Bilkisu da nonon dama.

Asabar, 8 ga Yuni
Iya, uwar mijina, ta zo daga Nangere. Ko zama ba ta yi ba. Wai ciwon daji ne, wai zan shafa wa jikarta. Na ce wa ya faɗa? Ta ce, "Ƙawarki mana." Ta goya Bilkisu ta fita. Yarinya 'yar wata biyar! Babanta na tsaye a bakin ƙofa yana kallon takalminsa.

Laraba, 19 ga Yuni
Har yanzu layukan waya a yanke saboda dokar ta-ɓaci, ko muryar Bilkisu ba na ji. Nono ya yi tauri, ina matsewa a kofi ina zubarwa.

Litinin, 1 ga Yuli
Na koma asibiti. Likita ta yi mamaki: "Ai kwana goma ke nan da mijinki ya karɓi sakamakon." Ba daji ba ne. Tsiron fata ne da ba kasafai ake gani ba, ba ya yaɗuwa, ba ya cutar da jariri.
Na tambaye shi. Wai Iya ta ce a bari yarinya ta saba da madara tukuna. Kwana goma takardar na aljihunsa, muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Alhamis, 4 ga Yuli
An cire. Ɗinki uku.

Alhamis, 11 ga Yuli, azumi na biyu
Na je Nangere na ɗauko 'yata. Ban nemi izinin kowa ba. Ta kau da kai daga nonon, fidar madara take nema. Zan ta gwadawa.
Fanne ta kawo kunu gab da shan ruwa. "Wallahi tsoro na ji miki." Na ce ba komai. Ta tambayi me likita ta ce, sai na ji bakina ya ce, "Lafiya lau." Ban ƙara ba, ban kuma ce ta zauna ba.
Ba fushi nake ba. Takardun asibiti dai yanzu suna akwatina, makullin a wuyana.