Ƙarafa Biyu a Hannun Takwararki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, Allah Ya haskaka makwancinki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce Rabi. Kada rubutun ya ba ki mamaki. Bayan rasuwarki na shiga ajin manya da furfurata, ki yi haƙuri da karkacewar layi.

Labarin takwararki, 'yata Ummi, na kawo miki. Wata uku ke nan wani mai moto, wato babur, ya buge ta a hanyar unguwar Paspanga, tana dawowa daga kitson amarya. Ta dafa ƙasa da hannun dama, ƙashi biyu suka karye a bayan hannun. Kin san da kitson nan take ci. Ke na fara tunawa. Da kina nan da kin ja hannun, kin shafa man kaɗanya, kin jera karare kin ɗaure, yadda kika yi wa rabin mutanen Zongo.

A asibiti suka ɗauki hoton ƙashin. Likita ya ɗaga shi a haske, na tsaya ina ƙirga ƙasusuwan har na manta ina kuka. Inna, shekara da shekaru kina ɗori da lalube, ba ki taɓa ganin abin da kike taɓawa ba. Ta yaya kike ganewa? Me ya sa ban taɓa tambayarki ba?

Likitan ya ce karayar ta goce, sai tiyata. Suka yi mata allura, hannun ya mutu tun daga kafaɗa, ita kuwa idonta biyu. Suka soka siraran ƙarafa biyu kamar tsinken tsire, su riƙe ƙashin. Na tambayi wata ma'aikaciyar jinya ko za su yi tsatsa, ko kuwa da su za a binne mutum. Ta yi dariya, ta ce aro ne. Bayan mako shida aka zare su.

A nan na yi kuskure. Sun ce ta dinga motsa yatsun, suka ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Ni kuma maganarki ce a kunnena: "Ɗori ba ya son motsi." Na ɓoye ƙwallon a kwanon samira, na naɗe hannun da gyale, ina ba ta tuwo a baki kamar jaririya. Da muka koma, yatsun sun sandare, ko cokali ba sa riƙewa. Likita ya ce ƙashi ya daɗe da haɗewa, jijiyoyi ne suke neman mannewa, kuma in aka ƙara jinkiri haka za su zauna. Ummi ta kawar da kanta gefe. Gara ma da ta yi faɗa.

A hanyar gida na tuna wani abu. Duk wanda kika kwance wa kara, sai kin ajiye masa ƙwaryar gyaɗa, kin ce, "Ɓare min kafin ka tafi." Ni na ɗauka aikin banza kike sa su, Allah Ya yafe min. Ashe rabin maganarki na riƙe.

Na sayo gyaɗa a kasuwar Sankaryaaré, na kuma fito da ƙwallon. Tana ɓarewa tana kuka, ni ina juya baya don kada in karɓe.

Yatsa ɗaya har yau bai gama lanƙwasawa ba, likita ya ce a ci gaba. Mata sun daina zuwa kitso, sai na ba ta kaina. Da farko ko jin hannunta ba na yi. Jiya kuwa, Inna, ta ja min gashin ƙeya har hawaye ya zubo min. Ta ce in yi haƙuri. Na ce ta ƙara ja.

Allah Ya jiƙan ki, Ya saka miki da alheri a kan kowane hannu da kika gyara. Ya sakar wa Ummi yatsan da ya rage.

'Yarki mai kewarki,
Rabi