Riskuwa Biyar a Kalanda

Badariya, Birnin Kebbi.

Yaya Ɗayyaba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida na Argungu duka. Na rubuto ne saboda kin kashe mini waya ina tsakiyar magana, takarda kuwa ba a kashe ta. Sirajo direbana zai ba ki hannu da hannu.

Ina so ki tuna ko ni wane ne. Aji uku na tsaya a sakandare lokacin da Baba ya rasu, ba wanda ya ce ga fensir. Na tura kurar ruwa. Na yi kabu-kabu daga Ambursa zuwa gari har gwiwata ta san ko wane rami na hanyar. Na yi fataucin albasa, ta ruɓe mini, na tashi na sake. Yau ina da injin casar shinkafa, ina da motocin ɗaukar kaya, na haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse, na je Makka na kai matata. Ba kawu, ba ɗan siyasa. Allah kaɗai, sai gwiwar nan.

To, Rumaisa ɗiyarki ta zo daga foliteknik ta nuna mini a wayarta kalandar da za ku raba ranar taron zuri'a bayan girbi. Kun sa mata suna "Riskuwan Gidanmu". Na ga Riskuwa Mai Homa, kakan kakanmu, da ake cewa ya kama giwan ruwan da sai da ƙarti suka kama masa. Na ga Riskuwa Maɗori. Na ga Riskuwa Soja da ya je yaƙin Bama. Na ga Kaka, Malam Riskuwa mai makarantar zaure. Waɗannan ban da ja. Amma na biyar, a tsakiya, da hoto mai launi yana wage baki, sai na ga Riskuwa na Gwaggo Sadatu, mai shirin manoma a rediyo.

Yaya, damina ɗaya aka haife mu, sunan Kaka ɗaya aka raɗa mana, kuma ragona aka fara yankawa. Ni ɗan namiji ne a gidan, shi ɗan mace. Me ya noma? Me ya gina? Surutu ne kawai cikin akwati. Shi ya riƙe sunan, ni kowa sai Mai Inji, Mai Inji, kamar ba a yi mini suna ba. Ko dai a sa ni, ko a cire shi. In ba haka ba kada ku jira ni wurin taro.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Alhaji Riskuwa.

*

Argungu.

Mai Inji,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, ruwa ya ja baya, shinkafa ta yi kyau. Takardarka ta iso. Na kashe waya don kunnena ya tsufa, ba ya ɗaukar ihu.

Kurar ruwa da kabu-kabu duk na sani, ni na riƙa gasa maka gwiwar da ruwan zafi in ka dawo, amma ban ga ka rubuta wannan ba. Ba komai.

Ka koma ka dubi kalandar da kyau. Mai Homa yana ina? Maɗori yana ina? Soja fa, da Kaka? Da munka zauna da dattawan gida cewa munka yi waɗanda sunka riga mu gidan gaskiya za a sa, don yara su san su, su yi musu addu'a. Kai kuwa ga ka nan da ƙiba kamar buhun da anka cika anka danna. Gaggawar mi kake yi? Ka gode wa Allah da ba ka ciki.

Maganar ɗan Gwaggo kuma, ba a bakina za ka ji ta ba. Ka zo Argungu. Ba nisa, kana da motoci, kai ka faɗa.

Ka gaida Maryamu da yara. Allah shi shirya.

Yayarka,
Ɗayyaba.

*

Badariya.

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta, kuma ban gamsu ba.

In kalandar ta matattu ce, me mai rai yake yi a tsakiyarta? Da Sallah ƙarama na gan shi da idona a ƙofar gida, mutane sun kewaye shi, yana ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. Ko magana bai yi mini ba, kai kawai ya gyaɗa. Ni da na kawo muku buhunan shinkafa a ranar, yara kaɗai suka tare ni.

Wannan ba yau aka fara ba. Muna yara in Kaka ya kira Riskuwa mu taho mu biyu, sai ya ce ba kai ba, ɗayan. A kasuwa in na faɗi sunana sai a ce, na rediyo? Wata rana wani manomi ya kawo shinkafa injina, da ya ji sunana ya riƙe hannuna yana sa albarka, wai shawarata ta cece shi daga tsutsa. Da aka ce masa ba ni ba ne sai ya saki hannun, har da gogewa a riga.

Ba sauraron shirinsa nake yi ba, amma yaran inji suna kunnawa. Tun shigowar damina tsofaffin shirye-shirye ake maimaitawa. Na maganin gwarimama mai ɓata amfanin gona ya fito har na haddace shi. Magana ta ƙare masa ke nan. Mutumin da kayan aikinsa ya ƙare shi za ku ɗora sama da mai injin da ba ya kwana?

Ba zan zo ba sai an gyara. Ki faɗa wa dattawan haka.

Riskuwa, na gaskiya.

*

Argungu.

Tobashi,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina ƙurar inji? Yaya Ɗayyaba ta ba ni takardunka na karanta. Na yi dariya har sai da anka ba ni ruwa. Ashe har na gwarimama ka haddace. Ka ga, da ma na san ina da masoyi a Badariya.

Ka yi gaskiya wuri ɗaya, magana ta ƙare mini. Wani ciwo ne ya fito mini a maƙogwaro. Da Sallah da ka ce na gyaɗa maka kai, iyakar gaisuwar da nake da ita ke nan. An kai ni asibiti, an kai ni wani, an yi abin da za a yi, daga baya sunka ce in koma gida in huta. Ni da kai mun san ma'anar hutun likita. Rai na hannun Allah, amma ni kam na ɗaure kayana.

Ni na roƙi Yaya ta sa ni a kalandar tun yanzu, don in ga abin da idona. Kada ka yi faɗa da ita. Ni kuma na hana a gaya maka, don na san za ka cika ɗakin nan da lemu da madara, sannan ka tsaya bakin ƙofa kana faɗa wa masu dubiya wanda ya kawo.

Ka riga ni yankan rago, ka riga ni Makka, ka riga ni tumbi. Wannan guda dai ka bar mini. In kuma har yanzu gurbin kake so, ga gadon nan, zo ka kwanta in tashi in kama maka inji. Ba zan ja ba.

Ka zo mu gaisa. Kai ka yi ta surutun, ni in saurara, mu ga yadda abin yake.

Tobashinka,
ɗayan.

*

Badariya.

Yaya Ɗayyaba,

Ya ƙarin haƙuri. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan. Ban iya tsayawa na yi miki magana ran nan ba, mata sun cika ɗakin.

Da na karanta takardarsa na ce sai na gama aikin shinkafar da aka kawo sannan in zo. Sirajo ne ya ji sanarwar rasuwar a rediyon mota ya kira ni.

Tun daga shiga gari nake jin sunan. Masunta sun bar kwale-kwale, mutanen Augie sun zo a bayan a-kori-kura, kowa Riskuwa, Riskuwa, Allah jiƙan Riskuwa. Ban taɓa jin sunana a bakin mutane da yawa haka ba, kuma ba wanda ya waiwayo ya dube ni. Ba zan ɓoye miki ba, na dubi sahun nan na ce ni wa zai zo mini haka.

A bar shi a tsakiya. A bar masa launin.

Amma da aka kai maƙabarta aka ce wa zai shiga ya karɓe shi, ɗiyansa suna kuka, ni na tuɓe takalmi na shiga da gwiwar nan. Ni na kwantar da shi, ni na juya fuskarsa gabas. Ki gaya wa Rumaisa, kafin a kai wa mai bugawa, ta ƙara layi ɗaya ƙarƙashin hotonsa, ko da ƙananan baƙaƙe ne. Ta ce tobashinsa ne ya sa shi a kabari. Kuma kada ta ce Mai Inji. Ta rubuta Riskuwa.

Ƙanenki.